Mazaunin Sauti Tsakanin Hagu da Dama

Waƙar da aka ɗauka a situdiyon zamani takan isa hannun injiniyan haɗa sauti ne a rarrabe, muryar mawaƙi daban, ta 'yan amshi daban, ganguna da fiyano da jita kowanne a layinsa, aikin injiniyan kuwa shi ne ya tattara waɗannan layuka, ko da sun kai hamsin, ya mayar da su guda biyu rak, ɗaya na lasifikar hagu, ɗaya na ta dama, wanda shi ne tsarin da ake kira sitiriyo. Cikin shawarwarin da yake yankewa akwai wadda mai sauraro bai cika lura da ita ba sai an yi ta ba daidai ba, wato mazaunin da za a ba kowane sauti a tsakanin lasifikokin biyu. Karkata sauti zuwa hagu ko dama shi ne abin da masu sana'ar ke kira fanin, faɗin sitiriyo kuma shi ne tazarar da mai sauraro ke ji tsakanin iyakar waƙar ta hagu da iyakarta ta dama. Wannan faɗi daga abu ɗaya yake samuwa, wato bambanci tsakanin abin da ke fita daga hagu da abin da ke fita daga dama, sai dai ba kowane irin bambanci ne yake tsira ba bayan waƙar ta bar situdiyo ta shiga hannun jama'a.

Tushen maganar yana cikin halittar kunne. Mutum yana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwansa biyu suka ji, kuma a shekarar 1907 masanin kimiyyar nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana cewa kwatancin iri biyu ne. Na farko shi ne bambancin lokaci, domin sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan ɗaya, saboda haka wanda ya taso daga dama kai tsaye yakan riga isa kunnen dama da kimanin milisakan 0.6 zuwa 0.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Na biyu shi ne bambancin ƙarfi, domin kan mutum yana tare wani ɓangare na sautin kafin ya kai ga kunnen da ke nesa. Amma ba kowane sauti kai ke iya tarewa ba. Sauti mai kauri irin na babbar ganga, wanda ke kaɗa iska sau 100 a sakan, wato haz 100, tsawon igiyarsa ya haura mita uku, don haka kewaye kan yake yi ya wuce. Sauti mai kaifi na haz 5,000 kuwa tsawon igiyarsa bai cika santimita 7 ba, shi ya sa kai ke yi masa shamaki sosai. Ƙasa da kimanin haz 1,500 kunne ya fi dogara da bambancin lokaci, sama da haka ya fi dogara da bambancin ƙarfi, can ƙasa kuma, wajen haz 80, da ƙyar yake gane ta ina sautin ya fito a cikin ɗaki.

Sitiriyo yana amfani da wannan ɗabi'a ce ta kunne. Idan aka ajiye lasifikoki biyu, mai sauraro ya zauna a inda shi da su suka yi alwatika mai ɓangarori daidai wa daida, kowace lasifika tana digiri 30 daga gabansa, sannan aka tura sauti ɗaya da ƙarfi ɗaya zuwa gare su duka, ba zai ji abu biyu ba, zai ji abu ɗaya yana fitowa daga tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya. Idan aka rage ƙarfin na hagu, sautin sai ya gusa dama, kuma da zarar bambancin ya kai desibel 15 zuwa 18, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, za a ji shi gaba ɗaya a cikin lasifikar dama. Aikin maɓallin fanin ke nan, raba ƙarfin sauti ɗaya tsakanin layuka biyu. Sai dai wannan tsakiya da kunne ke ƙirƙira ba ta da juriya, domin idan mai sauraro ya matsa har lasifika ɗaya ta fi kusa da shi da kimanin santimita 34, sautinta zai riga na ɗayar da milisakan ɗaya, nan take muryar da ke tsakiya ta koma cikin lasifikar da ta fi kusa. Dalilin da ya sa gidajen silima ke da lasifika ta uku a bayan allon majigi ke nan, don maganar 'yan wasa ta tsaya a tsakiya ga wanda ya zauna a gefe.

Tun a 1881 Clément Ader ya nuna a birnin Faris cewa za a iya sauraron wasan gidan waƙe ta wayoyin tarho biyu, ɗaya a kowane kunne, amma wanda ya shimfiɗa harsashin sitiriyo kamar yadda ake aiki da shi a yau shi ne Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, wanda ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a watan Disamba na 1931. A cikin takardar nan guda ɗaya ya bayyana yadda bambancin ƙarfi tsakanin lasifikoki biyu ke isa ya ba sauti mazauni, da yadda za a giciya makirufo biyu a wuri ɗaya, da yadda za a sassaƙa layuka biyu a cikin tsaga ɗaya ta faifai, da kuma dabarar jimilla da bambanci wadda za a zo kanta nan gaba. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942, yana da shekara 38, a wajen gwajin na'urar rada, bai ga aikinsa ya shiga kasuwa ba. Shi kuwa maɓallin fanin daga masana'antar fim ya fito, domin injiniyoyin kamfanin Disney ne suka ƙera shi don fim ɗin Fantasia na 1940, inda suke so kiɗa ya riƙa yawo daga wannan gefen allon majigi zuwa wancan.

Akwai wani lissafi da ke ɓoye a cikin maɓallin, wanda ake kira dokar fanin. Sautin da ke tsakiya lasifikoki biyu ne ke fitar da shi, wanda ke gefe kuwa guda ɗaya, don haka in ba a yi gyara ba, duk abin da aka jawo daga gefe zuwa tsakiya zai ƙara ƙarfi. Saboda haka na'urori da manhajojin haɗa sauti sukan rage ƙarfin tsakiya, wasu da desibel 3, wasu da 4.5, wasu da 6. Ragin desibel 3 shi ne ya dace da abin da kunne ke ji a ɗaki, ragin 6 kuma shi ne ya dace da abin da ke faruwa idan aka haɗe layukan biyu suka zama ɗaya, wato mono. Abin da wannan ke nufi ga mai aiki shi ne, duk kayan kiɗan da ya kai ƙarshen hagu ko dama, ya daidaita ƙarfinsa da kunne a tsakanin lasifikoki biyu, zai ragu da kimanin desibel 3 idan aka kwatanta shi da murya a lokacin da aka ji waƙar a lasifika ɗaya. Ragin ba mai kisa ba ne, kuma ana iya hango shi tun da wuri a yi masa tanadi.

Lokacin da faifan sitiriyo ya shiga kasuwa a 1958, situdiyoyi da yawa ba su shirya masa ba, domin na'urorin ɗaukarsu layi biyu ne ko uku ko huɗu, kuma a teburan haɗa sauti da dama zaɓi uku ne kawai, hagu ko tsakiya ko dama. Shi ya sa a fitowar sitiriyo ta farko ta kundin Rubber Soul na ƙungiyar Beatles, na 1965, ake jin muryoyi a gefe guda, yawancin kayan kiɗa a ɗaya gefen, tsakiyar kuma kusan wayam. Su kansu mawaƙan a wajen haɗin mono suke zama su sa ido, na sitiriyo kuwa galibi injiniyoyi ake bar wa, kuma a 1987, da za a fitar da kundin a faifan CD, George Martin, furodusan ƙungiyar, ya sake haɗa shi ya jawo muryoyin zuwa ciki. Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys, wanda kunnensa na dama ba ya ji sosai, a mono ya haɗa Pet Sounds a 1966, ba a yi masa cikakken haɗin sitiriyo ba sai bayan shekara talatin, kuma rashin faɗin bai hana a ji kowane kayan kiɗa a cikinsa ba.

Al'adar da ta kafu daga baya, ta ajiye babbar murya da bes, wato kiɗa mai kaurin sauti, da babbar ganga a tsakiya, allurar garmaho ce ta fara tilasta ta. A faifan sitiriyo kowane bango na tsagar yana ɗauke da layi ɗaya, bangayen biyu kuma sun jingina da digiri 45, ta yadda abin da layukan suka yi tarayya a kai ke kaɗa allura gefe da gefe, abin da suka saɓa a kai kuma yana ɗaga ta sama da ƙasa. Sauti mai kauri shi ne ya fi kowanne girman motsi, don haka idan aka jingine shi a gefe ɗaya, ko ya saɓa tsakanin hagu da dama, tsagar takan yi zurfi a nan ta yi tudu a can har allura ta yi tsalle. Faifai ya daina mulkin kasuwa, amma dalilan ba su ƙare ba: bes ne ke cinye mafi yawan ƙarfin lasifika, gara biyu su raba nauyinsa; kunne kuma ba ya cin ribar faɗinsa; sannan abin da ke tsakiya shi ne kaɗai yake fita daidai ko ta wace na'ura aka ji waƙar. Duk abin da waƙa ba za ta tsaya ba sai da shi, mazauninsa tsakiya ne.

Inda aikin ya fi buƙatar hankali shi ne yadda ake cika gefe biyun. A ɗauki waƙar da mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Injiniya yana da amshi ɗaya da aka ɗauka, yana so ya buɗe shi ya rungume muryar jagora ta hagu da dama. Idan ya kwafi layin a kwamfuta, ya tura ɗaya hagu ɗaya dama, babu abin da zai samu sai ƙarin ƙarfi, domin abu ɗaya a gefe biyu shi ne ma'anar tsakiya. Idan kuwa ya mayar da 'yan amshin gaban makirufo suka sake rera baitin, ya ajiye ɗaukar farko a hagu, ta biyu a dama, nan take amshin zai buɗe, saboda babu mahaluƙin da zai maimaita baiti sak: wannan ta ja numfashi da wuri, waccan ta ɗan jinkirta harafin ƙarshe, sautin ya ɗan hau a nan ya ɗan sauka a can. Waɗannan ƙananan saɓani ba su da tsari, suna canzawa daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ya sa ko an haɗe su a lasifika ɗaya ba sa cutar juna, sai dai a ji taron ya ƙara yawa. Wannan shi ne faɗi mafi aminci, kuɗinsa kuwa 'yan mintoci ne na sake ɗauka, kuma abin takaici ne yadda ake yawan gudun waɗannan mintoci.

Gudun nasu daɗaɗɗen abu ne. A 1966 Ken Townsend na situdiyon Abbey Road da ke Landan ya ƙirƙiro hanyar ninka murya da na'urar tef ta biyu, saboda John Lennon na ƙungiyar Beatles ya gaji da rera waƙa sau biyu. Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce a kwafi layi, a jinkirta kwafin da milisakan 10 zuwa 30, a tura shi ɗaya gefen. Tana aiki ne saboda abin da Helmut Haas ya nazarta a Jamus a ƙarshen shekarun 1940, cewa idan sauti biyu iri ɗaya suka biyo juna cikin ɗan wannan lokaci, kunne yana haɗe su ya ji abu ɗaya mai faɗi, kuma yana jingina shi ga wanda ya riga isowa. A tsakanin lasifikoki biyu abin yana burgewa. Matsalar tana bayyana ne idan aka haɗe layukan, domin sauti turi ne da ja na iska, kuma idan turin wannan ya faɗo daidai kan jan wancan, sai su kashe juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya, ɗaya gabas ɗaya yamma. Jinkirin milisakan ɗaya yana huda rami a haz 500, da 1,500, da 2,500, haka har sama. Jinkirin milisakan 10 kuwa yana fara ramukansa daga haz 50, yana maimaita su bayan kowane haz 100. Muryar da aka yi wa haka takan fito a rame, da amo irin na bututu, kuma ƙara mata ƙarfi ba ya cike ramukan.

Dabarar jimilla da bambanci ta Blumlein ita ce ke bayyana lamarin a fili. Idan aka tara hagu da dama, an sami layin tsakiya. Idan aka ɗebe dama daga hagu, an sami layin gefe, kuma daga waɗannan biyu ana iya dawo da hagu da dama ba tare da asarar komai ba. Rediyon FM mai sitiriyo, wanda aka amince da tsarinsa a Amurka a 1961, haka yake aiki: jimillar ce ke tafiya a babbar hanya don kowace rediyo ta kama, bambancin kuma yana biye a wata hanya ta daban, wadda rediyon mota kan rage ko ta watsar idan tashar ta yi rauni. Yawancin manhajojin ƙara faɗi ba abin da suke yi illa ɗaga layin gefe a kan na tsakiya, alhali mono layin tsakiya ne zalla. Ma'ana, duk abin da aka kwashe aka kai layin gefe ba raguwa yake yi a lasifika ɗaya ba, ɓacewa yake yi ɗungurum. Sautukan fiyanon lantarki da yawa daga masana'anta suke zuwa da irin wannan faɗi, shi ya sa goge ko algaitar da aka buga da fiyanon ta cika situdiyo takan shaƙe a wayar hannu. Akwai ma'auni da ke nuna dangantakar layukan biyu, daga +1, inda suke abu ɗaya, zuwa 0, inda ba ruwan wannan da wancan, zuwa −1, inda suke kishiyoyin juna sak. Allurarsa idan ta daɗe a ƙasa da sifili, alama ce cewa wani abu zai salwanta.

Wannan batu ya fi nauyi ga mai haɗa waƙa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi fiye da yadda littattafan koyon sana'ar kan nuna, domin an rubuta yawancinsu ne da tunanin mai sauraron da ke zaune tsakanin lasifikoki biyu. Waƙar Hausa kuwa mafi yawan jin ta a wayar hannu ne, da ƙaramar rediyo, da 'yar lasifikar Bluetooth da ke kan kantar mai shago, da kuma manyan lasifikokin wurin biki, waɗanda sau da yawa a jere suke wuri ɗaya, ko kuma sun yi nisan da kowane mahalarci ɗaya kawai yake ji. Duk waɗannan mono ne, ko dai a ƙira ko a aikace. Shi ya sa injiniyoyi masu yawa ke fara haɗin da maɓallin mono a danne, su daidaita ƙarfi, su sassaƙe wa kowane kayan kiɗa gurbinsa tsakanin kauri da kaifi, har murya da fiyano da kalangu su daina danne juna, sannan su buɗe sitiriyo. Hikimar ita ce, raba abu biyu masu karo da juna zuwa hagu da dama yana ɓoye karon ne kawai, kuma zai dawo da zarar an ji waƙar a waya. Kalangu misali ne mai kyau, domin sautinsa yana hawa yana sauka a yankin da muryar mutum take, yana kuma amsa wa mawaƙi, don haka kai shi can ƙarshen gefe yana raba shi da abokin zancensa. Ɗan karkatawa kaɗan, tare da rage wa fiyano ƙarfi a wannan yanki, ya fi yi masa adalci.

Masu sana'ar sun rabu a kan yawan mazaunan da ya kamata a yi amfani da su. Wasu ba sa ajiye komai sai a hagu ko tsakiya ko dama, hujjarsu kuwa ita ce mazaunan da ke tsakankani ba sa tsayawa ga wanda bai zauna daidai ba, kuma barin fili a kewayen murya yana fito da ita. Wasu suna jera kayan kiɗa daki-daki kamar yadda makaɗa ke tsayawa a dandali. Kowace hanya ta haifar da ayyuka masu kyau, kuma abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne daidaito, ta yadda idan jita mai kaifi tana hagu, za a sami wani abu mai kama da nauyinta a dama, don kada waƙar ta jirkice. Haka nan kunne yana auna faɗi ne da abin da ya gabata, don haka waƙar da aka buɗe ta har iyaka tun daga sakan na farko ba ta da sauran inda za ta je idan amshi ya zo, alhali wadda aka tsuke baitocinta, aka bar ninkin muryoyi da amon ɗaki mai faɗi, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, sai wajen amshi, za a ji ta buɗe ko da ma'auni bai nuna wani babban canji ba.

Na'urar sawa a kunne, wadda ta zama ruwan dare tun bayan fitowar Walkman na kamfanin Sony a 1979, ta kawo matsala ta wani gefen. A ɗaki kowane kunne yana jin lasifikoki biyun duka, wannan cakuɗuwa kuma tana tausasa fanin. A cikin na'urar kunne kuwa, wato iyafis, abin da aka kai ƙarshen hagu kunnen hagu ne kaɗai ke jin sa, yanayin da ba ya faruwa a duniyar zahiri, shi ya sa yake gajiyar da mai sauraro, muryar tsakiya ma a cikin kai ake jin ta maimakon a gaba. Maganin da aka saba shi ne a tura amon ɗakin kayan kiɗan zuwa ɗaya gefen, ko a janye shi kaɗan daga iyaka, don kunne na biyu ya sami rabonsa. Sababbin tsare-tsare irin su Dolby Atmos, wanda ya fara a silima a 2012, Apple Music kuma ya ɗauke shi a 2021, suna ba injiniya damar ajiye sauti a baya da sama, suna kwaikwayon bambancin lokaci da shamakin kai a cikin na'urar kunne, amma su ma dole a naɗe su su koma layi biyu ko ɗaya ga mafi yawan na'urori. Ga kuma masu sauraro da kunne ɗaya, ko don lalura, ko don aboki ya karɓi ɗaya iyafis ɗin, waɗanda duk abin da aka kai ƙarshen ɗaya gefen ba ya isa gare su sam. Wayoyin Android da iPhone suna da saitin da ke haɗe layukan biyu saboda irin waɗannan mutane, kuma wanda ya kunna shi jimillar hagu da dama yake ji, tare da duk ramukan da jinkiri ko manhajar ƙara faɗi suka bari a cikinta.